Eriyar da Ba Ta Magana

Da safiyar Asabar Rashidatu ta shigo caji ofis idonta jawur. An sace babbar eriyar radarta daga kan rufin gidan da take haya a Zongo, ga shi ranar Litinin za ta kare aikin digirinta na injiniya. Babu eriya, babu digiri.

Sufeto Gariba, wanda ko rimot ɗin gidansa sai 'ya'yansa sun taimaka masa, ya bi ta har kan rufin.

"Rada kika ce? Irin ta filin jirgi?"

"A'a, Ofisa. Tawa ba ta aika komai, saurare kawai take. Tashar talabijin tana watsa saƙonta a kan dubban ƙananan layuka lokaci guda. Idan suka bugi jirgi suka dawo, sai kwamfutata ta gwada da na asali, ta gane inda jirgin yake."

Gariba ya tsuguna. Ba a yanke wayar ba. An kwance ta a hankali, har an ɗaure bakinta da leda don kada ruwa ya shiga. Tunda yake aikin nan bai taɓa ganin ɓarawo mai tausayin kaya haka ba.

A ɗakinta kwamfuta ta nuna lokacin da layukan suka mutu: jiya, ana tsakiyar huɗubar Juma'a.

Gariba ya fara bincike da Razak, mai sayen tsofaffin ƙarafa a Akwatia Line.

"Ofisa, ni ban ma san gidan ba," in ji Razak.

"An ga kekenka a ƙofar gidan ranar Laraba."

Razak ya sosa ƙeya. "Yoo, na je. Alhaji Mutala, mai gidan, shi ya kira ni. Ba ciniki ba ne. Tambayata ya yi wai irin ƙarfen nan na kan rufi yana taɓa ƙwaƙwalwa? Na ce haka nake ji ana faɗa."

Gariba da Rashidatu sun tarar da Alhaji Mutala a zaure, yana ɗaure kwanon abincin da zai kai asibiti a Bantama. Matarsa Zaratu tana kwance can da ciwon kai wanda likitoci suka kasa ganewa.

"Ina masallaci jiya," in ji shi.

"Wa ya tsaya kusa da kai a sahu, Alhaji?"

Ƙarin ƙarya da sunan masallaci ya fi ƙarfin tsohon. Ya shiga ɗaki, ya jawo eriyar daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsohuwar babbar rigarsa.

"Saman ɗakin Zaratu aka kafa ta," ya ce. "Kuma bayan nan ciwon ya tashi. Na ji kunyar in ce ki cire, 'yata, ni na ba ki rufin."

Rashidatu ta durƙusa a gabansa. "Baba, wallahi ba ta fitar da komai. Kamar kunne take."

Ya daɗe yana kallonta. Gariba ya ji tausayi ya kama shi, don ya ga tsohon ya yarda.

"To in ba ita ba ce, me ke cin Zaratu?"

Rashidatu ta samu eriyarta, amma ko kallonta ba ta yi ba.

"Mu je ka ba da bayani, Alhaji," in ji Gariba, yana ɗaukar masa kwanon. "Za mu bi ta Bantama tukuna."