Gidan Da Ta Ba Wa Ruwa

"Jona, wane ne wannan da yake auna mana gida?"

Anjelina ce ta yi tambayar, bokiti a hannunta, gefen zanenta ya jiƙe sharkaf. Tun da sassafe take cikin kangon nan na Angwan Iya a garin Keffi tana ba sabon gini ruwa, don birkila ya ja mata kunne cewa bulon da aka ɗora in bai sha ruwa safe da yamma ba tsagewa yake yi.

Jonatan, wanda aka yi musu baiko da shi tun kafin ya tafi Brazil, jiya-jiya ya sauka bayan shekara huɗu. Yana tsaye a bakin ƙofar da ba a sa wa ƙyaure ba, yana sosa ƙeya. A bayansa wani mai tumbi da baƙin tabarau yana jan tef ɗin awo daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko sannu bai ce mata ba.

"Anji... ban san zan same ki a nan ba."

"A ina za ka same ni? Ba kullum nan nake ba kafin in wuce makaranta? Na ce wane ne shi?"

"Daga Abuja ya zo. Mai saye ne."

"Mai sayen me?"

Ya kalli ginin, ya sunkuyar da kai. Ai kuwa nan take ta gane gidan ne. Bokitin ya kuɓuce mata, ruwan ya malale a kan sababbin takalmansa.

Duk wanda ya san Angwan Iya ya san tarihin kangon nan. Jonatan yana can yana turo ɗan abin da ya samu, ita kuma tana nan tana mayar da shi siminti da yashi. Ita ta yi faɗa da direbobin tifa, ita ta tsaya a kan leburori cikin rana har ta yi duhu, ita ta yi ta zarya wajen masu kurar ruwa. Ƙawayenta malamai har "injiniya" suke kiranta. Kuma ita ce ta sa birkila ya yi ɗakin da yake kusa da ƙofa ba tare da matakala ba, saboda mahaifiyarta, Mama Keziya, da take jan ƙafa tun lokacin da hawan jini ya shanye mata ɓarin dama.

Da mai tumbin ya shiga motarsa ya tafi, Jonatan ya kama hannunta ya zaunar da ita a kan tarin bulo.

"Ki saurare ni, abar ƙaunata. Don Allah ki bari in kai ƙarshe."

"Ina jin ka."

"Kin san tsohuwar da nake wa aiki, Mama Harumi, mai gonar kayan miya a bayan birnin Sao Paulo. Asalinsu 'yan Japan ne. Iyayenta a jirgin ruwa suka zo, leburori masu tsinkar kofi, ba harshe, ba dangi, ba ko tabarmar kwana. Sun fi mu shan wuya, Anji! Amma je ki ga jikokinsu yau. Wannan likita, wancan injiniya, wancan mai gona da motocin ɗaukar kaya. Mu kuwa da muka zo daga baya? Mu shimfiɗa tsumma a bakin titi muna tallan caja da agogo, a koro mu, mu kwasa da gudu. Mu cunkushe a ɗaki ɗaya kamar kifin gwangwani. Akwai wanda na tarar a can gashinsa baƙi, yanzu furfura ta fito masa, har yau a kan tsumman nan yake."

"To, me ya haɗa wannan da gidanmu?"

"Na tambaye ta ne. Na ce, Mama, me kuka fi mu da shi? Ta yi dariya, ta ce ba su fi mu komai ba. Ta ce su ma iyayenta da farko tara guzurin komawa gida suke yi, suna nan jiya i yau. Sai ranar da babanta ya je ya sayi wurin da za a binne shi a can, ya ce wa matarsa an gama zancen komawa. Daga nan ya sayi gona, ya sa yara makaranta, komai ya zuba a ƙasar da yake takawa. Ta ce mini, ku matsalarku jikinku yana nan, aljihunku yana can."

Ya ƙara matse hannunta, idonsa yana ƙyalli.

"Gaskiya ta faɗa, Anji. Taura biyu ba ta taunuwa. Ta ce za ta yanka mini gefen gonarta in fara nawa, jari kawai nake nema. Mu sayar da nan, a ɗaura mana aure kafin in koma, mu tafi tare. 'Ya'yanmu ba za su san tsumman bakin titi ba."

"Mu tafi... sai yaushe mu dawo?"

Ya kawar da kai.

"Jona, sai yaushe?"

"Ba zancen dawowa. Abin da nake faɗa miki ke nan."

"Mama fa?"

"Takardar biza ba za ta fito mata ba, kuma jikinta ba zai ɗauki tafiyar ba. Amma akwai matan zumunta na coci, za su riƙa duba ta. Za mu sa wata ta zauna da ita..."

Anjelina ta zare hannunta a hankali. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ɗauki bokitinta ta tafi, kuma ranar yaran aji uku ba su gane kan malamarsu ba.

Abin haushin shi ne tana son sa. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi. Amma wannan Jona ne, wanda ya yi jinyar babanta da ita a asibiti har Allah ya ɗauki ransa, wanda yake kiranta daga can yana rawar sanyi don kawai ya ji muryarta. Ta ga kantar da ta fito masa a tafin hannu, ta ga yadda ya rame. Ba ƙarya yake yi ba, wuya ce ta koya masa wannan lissafi.

Da yamma ya zo gidan su Anjelina a unguwar Liman Abaji, ya durƙusa gaban Mama Keziya ya zayyana mata komai. Anjelina tana jira tsohuwa ta fatattake shi. Ina! Sai Mama ta gyara zama, ta ce da bakinta da ya ɗan karkace:

"Yaron nan ya yi tunani. Ki bi shi."

"Mama!"

"Ki yi mini shiru. Ni a nan Keffi aka haife ni? Daga kan dutsen Eggon babanki ya sauko da ni, ko Hausar kirki ba na ji. Da na ce sai gindin uwata, da wa zai haife ki a inda akwai makaranta? Mace inda rabonta yake nan take zuwa."

"Wa zai yi miki wanka? Wa zai ɗaura miki zane?"

"Ji ta! Hannu ɗaya ne ya mutu, ba ni ba. Ki tafi abinki, kada ki tsufa a kaina."

Kwanakin da suka biyo baya, Mama Keziya ta zama wata iri. A kawo mata ruwa ta ce ita za ta ɗiba. A zo ɗaga ta ta ture hannun mutum. Har waƙar coci take rerawa a tsakar gida, wai don a ga tana da ƙarfi. Anjelina ta fara jin zuciyarta tana karkata. Wata ƙila dai zai yiwu. Har hoton fasfo ta je ta ɗauka, Jonatan yana ta murna kamar yaro ranar Kirsimeti. Shi kuwa ya riga ya sa hannu, gida ya zama na mai tumbi.

Wata ranar Laraba aka tashi makaranta da wuri. Ta shigo gida ba ta yi sallama ba, don kada ta tashi Mama daga barcin rana. Ƙofar ɗakin a buɗe take kaɗan.

Mama ba barci take ba. Tana zaune a bakin gado, ta ciji gefen ɗankwali da haƙori, tana ƙoƙarin zagayo da ɗayan gefen da hannun hagu. Ya zame. Ta lalubo shi ta sake. Ya sake zamewa ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya za ta ɗauka, jikin ya rinjaye ta, ta zube a kan gwiwa. Ba ta kira kowa ba. Ta daɗe a haka tana haki, sannan ta ja jiki ta dafa gado, tana magana da kanta ƙasa-ƙasa.

"Tashi, Keziya... ki koya. Ki koya kafin yarinyar nan ta gane. Ya Yesu, kada ka bari ta gani..."

Anjelina ta toshe bakinta da hannu ta koma da baya har waje. A bayan gida ta durƙusa ta yi kukan da tun mutuwar babanta ba ta yi irinsa ba.

Washegari da safe Jonatan ya neme ta a gida bai same ta ba. A kangon ya tarar da ita, tana watsa wa bango ruwa da ƙoƙo.

"Anji, me kike yi haka? Gidan ba namu ba ne yanzu. Mutumin ma rushe shi zai yi ya gina ɗakunan haya na ɗalibai."

"Na sani."

"To, don me..."

"Hannuna ne ya saba." Ta ajiye ƙoƙon ta juyo. Idanunta sun kumbura. "Jona, ina da tambaya. Matar nan da ta bi mijinta a jirgin ruwa, mahaifiyar Mama Harumi. Tana da uwa a Japan?"

"Tana da ita mana."

"Ta sake ganin ta?"

"A'a."

"Wa ya yi jinyarta? Wa ya rufe mata ido?"

"Ban sani ba, Anji. Ita ma Mama Harumi ba ta sani ba. Hoton kakar tata dai yana nan a falonta, a kan wani ɗan kanta. Kullum da safe takan zuba shinkafa a ɗan kwano ta ajiye a gabansa."

"Hoto..." Ta gyaɗa kai, hawaye suna zuba. "Ka ƙirga likitocinsu, ka ƙirga gonakinsu, ka ce sun fi mu. Ban musa ba, sun fi mu. Amma tsofaffin da aka bari a baya suna kallon hanya, ka sa su a cikin lissafin? Da su aka sayi arzikin nan, Jona. Ni ba zan iya biyan wannan farashin ba. Uwata da ranta nake so in ba ta abinci."

"Ita da bakinta ta ce ki tafi!"

"Ta ce. Jiya na gan ta a ƙasa tana koyon ɗaura ɗankwali da haƙori don in samu in tafi."

Jonatan ya zauna a kan bulo. Ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa.

"To, ka zauna mana," in ji ta a hankali. "Ka zauna mu yi talaucinmu tare, masoyina."

"In zauna in yi me? Kin manta yadda na yi ta yawo da takardu a Abuja har takalmina ya huje? In na zauna, wata rana zan kalle ki in ga ke kika hana ni. Ba na so in tsane ki, Anji."

"Ni ma in na bi ka, ranar da aka bugo waya aka ce Mama ta tafi, ba zan ƙara iya kallon fuskarka ba."

"Zan jira ki..."

"Kada ka jira. In ka jira, mutuwar uwata kake jira, ni ma ka sa ni jiran ta. Allah ya kiyaye ni da wannan."

Ta zare zoben baikon. Yatsan ya yi fari a wurin, ruwan siminti bai taɓa shi ba duk shekarun nan. Ta sa masa a tafin hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Allah ya ba ka gonar, Jona. Allah ya sa jikokinka su zama likitoci. Da zuciya ɗaya na faɗa."

Ta ɗauki bokitinta ta fita ta ƙofar da ba ƙyaure, ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

Ranar da ya tafi Lahadi ce. Ba ta raka shi tasha ba. Tana tsakar gida tana goge kayan coci, Mama Keziya ta kira ta daga ɗaki.

"Anjelina, ya tafi?"

"Ya tafi, Mama."

"Ke kuma kina nan."

"Ina nan."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon yatsan da ba zobe. Ɗankwalinta yana kan cinyarta, gefensa duk shaidar haƙori. Anjelina ta ɗauka, ta tsaya a bayanta ta zagaya mata shi, ta ɗaure, ta gyara masa baki kamar kullum.

Mama Keziya ta kamo hannun 'yarta da hannunta mai lafiya, ta manna shi a kumatunta da suka jiƙe.

"Wawiyar yarinya," in ji ta, muryarta tana karyewa. "Da kin ƙara mini haƙuri kaɗan... na kusa iyawa fa."