Lu'ulu'un da Ya Haɗiye Haske

“Cire shi.”

Nele ta ɗago kai ta dubi mahaifinta, hannunta na hagu mai ɗauke da sabon zoben baiko yana kan tebur.

“Baba…”

“Na ce ki cire shi! Ba a gidan Remi Verhaegen ba.”

Ranar Lahadi ce da rana, miyar nama da soyayyen dankali suna hucewa babu wanda ya taɓa. Saurayinta Joris, ma'aikacin ƙaramin jirgin da ke jan manyan jirage zuwa tashar Antwerp, yana tsaye cikin kwat ɗin da bai saba da ita ba, kunnuwansa sun yi ja.

Ta zare zoben a hankali ta miƙa. Tsohon ya ɗora shi a tafin hannu, ya jinjina, sannan ya shafa fuskar lu'ulu'un da babban yatsa.

“Ga nauyi, babu fuska. Wa ya yanka wannan?”

Joris ya ce, “Baba, sun ce nauyinsa, karat ɗinsa, ya kai…”

“Karat! Dankali ka je saya, yaro? Shekara arba'in ina yankan lu'ulu'u, yau ɗan kogi ya kawo mini aikin wani har kan teburina!”

Ya ajiye zoben kusa da gishiri, ya haye sama.

Al'adar gidan ce tun kakanni: saurayi ba ya zuwa da gamammen zobe. Ɗanyen dutse yake kawowa, uban yarinya ya yanka shi da hannunsa, wannan yankan kuwa shi ne amincewarsa. Nele ba ta taɓa faɗa wa Joris ba. Tun sanyin bara ta lura idon mahaifinta yana dusashewa, yana laluben kofin kofi, yana mayar da aikin da aka kawo masa da cewa ba shi da lokaci. Ta ji tsoron ranar da za a ɗora masa dutse a gaba. Sai ta yi ta jan ƙafa, har Joris ya gaji da jira.

Suka fito bakin kogin Schelde, iska mai sanyi tana kaɗa gashinta.

“Masoyiyata, me na yi? Duk abin da na tara na zuba a ciki. A shagon yana walƙiya kamar zai yi magana!”

“Fitilun shago ko kwalba za su sa ta walƙiya. Kawo hannunka.”

Ta ɗora masa zoben, ta juya shi ya kalli sararin sama.

“Me ka gani a tsakiya?”

Ya daɗe yana kallo.

“Duhu…”

“Haske ta sama yake shiga. In an yanka dutse daidai, sai ya bugi fuskokin ƙasa ya dawo wa idonka. Wannan an bar masa ciki mai zurfi don ya yi nauyi a ma'auni, sai hasken ya zurare ta gindi. Shi ke nan, Joris. Ba laifin idonka ba ne, babu wanda ya taɓa nuna maka. A ina ka saya?”

“Wurin Dries. Na ga ya san gidanku.”

Nele ta runtse ido. Dries, ɗan dillalin da ke ƙarshen layinsu, sau biyu yana neman aurenta tana ba shi haƙuri.

“Gobe zan mayar masa!”

“Kun yi musabaha? Ka ce mazal, kalmar rufe ciniki?”

“Ya ce haka ake yi a unguwarku.”

“To magana ta ƙare, zarar bunu ce. A layinmu in an haɗa hannu an faɗi kalmar nan, ko uwarka ce ta sayar maka ba ka komawa. In ka koma, sunan Baba za a ja a ƙasa, a ce ga surukin da zai yi.”

Sai ta faɗa masa al'adar gidan, ta faɗa masa maganar idon, hawaye yana bin kumatunta.

“Da na gaya maka tun farko…”

“Daina kuka, zuciyata. Ba za a iya gyara shi ba?”

“Za a iya. Amma zai ragu ƙwarai.”

Mahaifiyar Joris, Mama Lieve, da ta ji wannan sai ta ajiye ludayi.

“A rage? Ɗana ya sha sanyin kogi shekara da shekaru, a zo a goge guminsa ya zama ƙura saboda wani tsoho mai girman kai? Ɗauki zobenka, Joris. 'Yan mata ba su ƙare ba a Antwerp!”

“Mama, Nele ɗaya ce.”

“To je ka, su wulaƙanta ka da kyau!”

Kwanaki suka shuɗe, uba da 'ya suna gida ɗaya ba sa haɗa ido. Wata safiya Nele tana hanyar ofishin da take tantance duwatsu, Dries ya sha gabanta, yana murmushi.

“Gimbiya! Na ji matuƙin kwalekwale ya kawo tsaraba.”

“Ka ci abinci a teburinmu, Dries. Ka san al'adar gidanmu.”

“Bai tambaya ba. Babba ya ce yana so, na ba shi babba.” Ya dafa aljihun ƙirjinsa. “Ni kuwa ɗanye gare ni a nan, fari tas. Ki ce to, yau ɗin nan in kai wa Baba.”

“Riƙe abinka. Wanda ya sayar wa baƙo duhu yana dariya, me zai sayar wa matarsa?”

Ta wuce.

Ranar Asabar da hantsi Joris ya hau matakalar ɗakin aikin tsohon. Nele tana biye da shi. Remi yana zaune gaban babbar tagar da ke kallon arewa, faifan wasa dutse a tsaye, ƙura ta rufe shi.

“Wa ya ce ka hau?”

“Babu kowa, Baba.”

Joris ya fito da 'yar farar takarda a ninke, irin yadda 'yan layin suke naɗe dutse. Ninkin ya karkace, amma ya yi ƙoƙari. Ya sa an cire lu'ulu'un daga zoben.

“Na yi kuskure, rashin sani ne. Amma na yi tunani. Wanda ya yanka wannan bai gama aikinsa ba, ke nan har yanzu ɗanye ne. Ga shi na kawo maka.”

Tsohon ya juyo ya fuskance shi.

“Ka san abin da kake faɗa? In aka gyara shi, wajen kashi ɗaya cikin uku zai tafi. Ba ya dawowa.”

“Ya tafi.”

“Abokanka na tasha za su ce ƙwayar shinkafa ka saya mata.”

“Dama dariya suke mini kullum, Baba. Su ƙara.”

Remi ya miƙa hannu ya karɓa. Ya kama dutsen da ɗan hantsaki, ya ɗora gilashin dubawa a idonsa na dama. Ya mayar na hagu. Ya matsa kusa da taga. Dutsen ya kuɓuce ya faɗa kan takardar.

Remi ya ajiye gilashin.

“Nele…”

“Na'am, Baba.”

“Ba na gani.”

Muryarsa ta yi ƙasa kamar ba shi ba.

“Tun ranar da aka haife ki nake jiran in yanka dutsenki. Da yaron nan ya zo da gamamme, na yi fushi, gaskiya ne. Amma can cikin raina har daɗi na ji, na samu inda zan ɓuya. Na gwammace in kore shi da in ce ba zan iya ba.”

Ta durƙusa ta kama gwiwoyinsa.

“Na sani, Baba. Tun bara na sani.”

“Kin sani kika yi shiru?”

“'Yar wa ce ni?”

Ya yi 'yar dariya, ruwa yana taruwa a idonsa. Nele ta share fuska ta miƙe.

“Tun ina ƙarama kake zaunar da ni a gefen faifan nan. Ka koya mini komai, dutse ne kawai ba ka taɓa bari na gama ba. Matsa mini.”

“Mace ta yanka dutsen baikonta? Ba a taɓa yi ba.”

“Ba ni zan yanka ba. Idona zan ara maka.”

Ya shafa gefen faifan. Sannan ya matsa gefen bencin.

“Kai, ɗan kogi, kada ka tsaya mana kamar turke. Goge faifan nan, ka ɗora kofi.”

Aikin ya ɗauki makonni. Nele tana dubawa tana faɗa masa abin da ta gani, hannunsa a kan nata, kunnensa a kan kukan faifan.

“Ɗaga! Kin ji ya sauya murya? Kina yi masa gardama ne. Juya shi kaɗan… yawwa, 'yata.”

Wani lokaci su yi faɗa, wani lokaci su yini babu mai cewa uffan. Dutsen yana raguwa, Joris yana kallo, bai taɓa tambayar nawa ya saura ba.

Ranar da aka mayar da shi cikin zoben, Mama Lieve ta hau matakalar tana haki, jakarta a ƙirji.

“Ina abin da ya rage na ɗana?”

Aka miƙa mata. Ta taɓe baki.

“Ya ƙanƙance.”

Ta juya shi wajen taga, sai haske ya cika shi. Can ta laluba aljihu ta ciro hankici.

Remi ya karɓa, ya ɗaga shi saitin fuskarsa, yana juyawa sannu a hankali. Fuskokin da suka sha wahala a kansu ko ɗaya bai iya rarrabewa ba. Amma wani tartsatsin haske ya tashi daga tsakiyar dutsen, ya ratsa hazon idonsa.

“Wannan kam na gani.”

Ya laluba ya kamo hannun Joris, hannu mai kanta da kaushin igiya, ya danƙa masa zoben.

“Sa mata, ɗana. Ina nan tsaye.”