Babur Mai Ƙamshin Ƙosai

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar, Sufeto Nasiru ko karyawa bai yi ba, sai ga wani mutum ya turo ƙaton babur har ƙofar ofis, gumi na zuba masa. Akuya biyu na biye da shi.

Abel ne, mai gyaran injinan ban-ruwa. Daga Kura har Bunkure babu wanda bai san babur ɗin nan ba. Gadon mahaifinsa ne, kuma ba shi da sarƙa irin ta sauran babura. Wani sandan ƙarfe ne ke juyawa a cikin bututu har zuwa tayar baya, inda akwai 'yar tukunyar giya, wato haƙoran ƙarfen da ke juya tayar, mai shan mai na musamman.

"Yallaɓai, an kashe mini babur," in ji Abel. "Jiya na sauya masa man giya da hannuna. Yau ina hawa ya fara kuka, tukunyar ta yi zafi."

Sufeto ya durƙusa wajen tayar baya. Kiyashi sun yi layi a jikin tukunyar. Ya shaƙa sau ɗaya, cikinsa ya yi ƙugi.

"Malam Abel, ƙosai kake soyawa a nan?"

"Abin da kowa ke faɗa ke nan a hanya. Ni ba na jin komai. Feshin maganin ƙwari ya kashe mini hanci shekara goma ke nan."

"Man gyaɗa ne a ciki. Wa kake zargi?"

Abel ya sunkuyar da kai. "Matata. Ta tsani babur ɗin nan. Na faɗa mata a gaban maƙwabta, yanzu ta haɗa kaya, wai motar ƙarfe huɗu za ta bi zuwa Pankshin."

Sufeto ya dube shi da haushi. Mutum ya tozarta matar da suka shekara ashirin da biyu tare a kan tukunyar da ba ta kai kwanon sha ba! Ya ture takardar da ke kan teburinsa, ƙarar manoman ƙarshen kwatar ban-ruwa da ruwa ya daina kai musu tun jiya, ya ɗauki hularsa.

A tsakar gidan Abel, matarsa Catherine na zaune a kan akwati, ta ci ɗauri, fuskar nan babu wasa. Abel ya nuna gindin dalbejiya inda ya yi aikin.

"Nuna mini yadda ka yi, daki-daki."

Nan fa bakin Abel ya buɗe. Ya ce sai an ɗan zagaya da babur mai ya yi ɗumi. Notin sama ake fara kwancewa, don in ka zubar da tsohon mai ta ƙasa sannan na sama ya ƙi buɗuwa, ka shiga uku. Notin ƙasa yana da maganaɗisu, a goge garin ƙarfen da ya kama, a sa sabuwar washa, 'yar zoben da ke hana yoyo. Sannan a ɗura sabon mai da sirinji har ya kawo bakin rami.

"Sabon man a cikin me yake?"

"Robar ruwa. Awo nake saye a Kano."

"Ka bar wurin?"

"Na bar tsohon yana tsiyaya, na je neman washa. Kamar awa ɗaya."

Sufeto ya juya. "Madam, kin taɓa babur ɗin nan?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe. Ko inuwarsa ba a bari in taka."

"To shuɗin zaren da na gani a jikin madubi fa?"

Ta ɗan kawar da kai. "Nakan shanya zane a kai in ya fita. Wannan kawai. Jiya kuwa ina kasuwar Bunkure. Na dawo na tarar man gyaɗata ya ragu da rabi, ban ma gama cigiya ba, yau da sassafe Baban Joanna, mijin nan nawa, ya ce ni ce muguwa."

Ta kawo robar. Iri ɗaya ce da ta Abel, man ma launi ɗaya.

"Shi man giyan, yaya warinsa yake?"

Catherine ta yamutsa fuska. "Ruɓaɓɓen ƙwai. In ya taɓa riga, wanki uku ba ya fitar da shi."

"Su wa suka zo kallo jiya?"

"Ɗanladi bakanike da Malam Ɗanbaba maƙwabcinmu," in ji Abel. "Duk sanda zan yi aikin nan sai sun zo ba da shawarar da ban tambaya ba."

Ɗanladi yana rumfarsa a bakin titi, yana ɗaure sarƙar wani babur. Da farko ya rantse ko hanyar gidan Abel bai bi ba.

"Sifanarka mai jan tef tana gindin dalbejiya," in ji Sufeto.

"To, na je. Kallo kawai. Yallaɓai, babur ne da bai taɓa shigowa rumfata ba, dole raina ya sosu. Amma ni da na san ƙarfe ba zan ba giya man miya ba. Tare muka fito da Abel, ka tambaye shi."

"Me Abel ya ce game da man?"

"Cika baki. Wai ko ƙarfen da ya shekara goma da tsatsa, in ya sha man nan sai ya juya da yatsa biyu."

"Wa ya fi sauraro?"

"Malam Ɗanbaba. Har sau biyu ya ce a maimaita masa."

Sufeto ya juya zai tafi. Takardar da ya ture da safe ta faɗo masa a rai.

Ƙarfe biyu ya isa ƙaramar kwata. Akwai wata ƙofar ruwa a nan da tsatsa ta kama tun shekara biyu, ƙungiyar manoma ta ce a bar ta haka, don in ta buɗe duka, na ƙasa ba za su ga ɗigo ba. Yau ƙofar a wangale take, dunƙulen ƙarfenta sai sheƙi yake. Sufeto ya sa yatsa biyu, ta juya. Ya kai yatsun hanci, nan take yunwar da ta dame shi tun safe ta tafi.

Gonar albasa guda ɗaya ce ta sha ruwa har ta ƙoshi. Mai ita yana tsaye a kan kunya cikin wankakkiyar riga, turare na tashi daga jikinsa kamar ango.

"Malam Ɗanbaba, ɗaurin aure za ka?"

"A'a, ranka ya daɗe. Ni mutum ne mai son tsafta."

"A gonar albasa? Wa ya buɗe ƙofar nan?"

"Ikon Allah. Na zo na tarar ta buɗe da kanta."

"Miƙo hannunka."

Ya miƙo na hagu. Sufeto ya ce ɗayan. Ƙarƙashin turaren nan duka, ruɓaɓɓen ƙwai ya yi sallama.

Ɗanbaba ya zauna a kan kunyar. "Albasata ce ke mutuwa, yallaɓai. Na gwada baƙin mai, na gwada kalanzir, ƙofar nan ko motsi. Da na ji abin da Abel ya faɗa, zuciyata ta raya mini. Na juye nasa a gwangwani, na cika masa robar da na Madam. Na ce ai mai mai ne, kuma mutumin ba ya jin wari."

"Ka ji lokacin da yake zagin matarsa?"

"Ta katanga na ji." Ya share fuska. "Na so in yi magana, sai na tuna albasa."

Sufeto ya sa shi ya rufe ƙofar da hannunsa, ruwa ya kama hanyar na ƙasa. Sannan ya tasa shi a gaba zuwa gidan Abel, inda tuni aka mayar da babur. Huɗu saura kwata, Catherine ta riga ta ɗora akwati a ka.

"Maimaita abin da ka faɗa mini," in ji Sufeto. "Da ƙarfi, yadda maƙwabta za su ji."

Ɗanbaba ya maimaita. Kawuna suka leƙo ta kan katanga, har da na matarsa.

Abel ya rasa inda zai sa idonsa. "Maman Joanna, na yi kuskure."

"A gaban mutane ka faɗi wancan," ta ce. "Ɗaga murya."

Ya ɗaga. Ba ta sauke akwatin ba.

Ɗanladi, wanda ya biyo sahu da sunan ɗaukar sifana, ya leƙa tukunyar ya ce haƙoran giyar ba su ci juna ba, a wanke da kalanzir a zuba na gaskiya. Sufeto ya miƙa wa Abel gwangwanin da ya karɓo daga bukkar gonar, da sauran mai a ciki. Abel ya ɗauki sirinji, sai ya tsaya. Ya dubi gwangwanin, ya dubi matarsa. Shekara ashirin da biyu bai taɓa barin ta ta matso kusa da aikin nan ba.

Ya taka har inda take, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Sansana mini. Ni ban iya ba."

Catherine ta daɗe tana kallonsa. Can ta sauke akwatin, ta kai gwangwanin hanci, ta yi tari.

"Shi ne. Matsa, hannunka na rawa, zubarwa za ka yi."

Sufeto ya taɓa kafaɗar Ɗanbaba. "Mu je ofis, manoman ƙasa na jiranka. Amma ka yi gaba da nisa, don Allah. Har yanzu ban karya ba."