Takardar Wuta da Gidan da Ke Kulle

Ranar da ya fara ganinta, tana tsaye a ƙofar gida da almakashi a hannu, shi kuma ya kawo takardar kamfanin wuta. Sabon tsari ne: duk wata a nuna wa gida yawan wutar da ya sha, a gwada da na maƙwabci.

"Kun ninka gidan can sau uku," in ji mai karanta mitar yana murmushi. "Ko keken ɗinkinki ne ke shanye ta?"

Ba ta yi dariya ba. "Gidan can? Shekara biyu ke nan yana kulle, tun rasuwar tsohuwar."

Murmushinsa ya ɗauke. "Ai wata tsohuwa ce ke buɗe mini ƙofa duk wata. Ita ta ce in tsaya in gaishe ki."

Tsoro ne ya sa suka karɓi lambar juna, amma ba shi ya riƙe su ba. Ya koya mata tara guga ta yi lokaci ɗaya, ya canza musu ƙwayayen fitila da hannunsa. Bayan wata uku, takardar ta nuna sun rage rabi. Ya turo mata saƙo:

"Tauraruwata, na rage muku wuta, ke kuma kin kunna mini wadda ba ta da mita."

Ta amsa: "Mai Mita, zo ka faɗa wa Baba, ba ni ba."

Baba ya ƙi. "Mutumin da ke hira da matattu? Ko maƙaryaci ne, ko yana da taɓin hankali."

Ta daina cin abinci, keken ya yi shiru. Ganin haka Baba ya karɓo makullin gidan wurin magadan tsohuwar, suka shiga su uku, shi da ita da saurayin, da rana tsaka. Yanar gizo-gizo ta rufe ko'ina, ƙasa babu sawun kowa. Amma a ɗakin tsohuwar fanka na juyawa a hankali, tabarmar ƙarƙashinta a share tas.

Baba ya dubi tabarmar. "Ita ta yi rainon 'yata bayan rasuwar uwarta," ya ce murya ƙasa-ƙasa. Ya yi mata addu'a, ya miƙa hannu ya kashe fankar. Sannan ya dubi saurayin. "Turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya haɗa hannunta da na mijinta, idonsa ya cika da hawaye.

"Ka riƙe mini ita da amana, ɗana. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."