Sabuwar Fatar Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, masifa ce fal bakinta. Ta fito daga ɗakin da aka kwantar da Baba idonta jajir, sai ga wani dogo mai farar riga rungume da akwatin sanyi, saura ƙiris su yi karo.

"Malam, ba ka gani ne?"

"Yi haƙuri, ƙanwata. Babanki na ɗauko, shi ya sa nake sauri."

Ta saki baki. Ya yi dariya, ya ce ɗan yankin fatar Baba ne a ciki, bai wuce farce ba. Baba mai walda ne, tukunyar gas ta fashe ta ƙone masa hannun dama har kafaɗa. Shi kuwa Dogo, aikinsa a lab, wato ɗakin gwaje-gwajen asibitin, shi ne renon fata.

"Fata ana renonta kamar kaji?"

"Ai ta fi kaji rigima. A ƙarƙashinta akwai ƙwayoyin da muke kira iyaye. Uwa in ta rabu biyu, ɗaya ta zauna a matsayin uwa, ɗaya ta hau sama ta zama fata, ta tsufa, ta kakkaɓe. Muddin akwai iyaye, fata ba ta ƙarewa. Su zan lallaɓa su yi yawa a faranti, a shimfiɗa wa Baba."

Ita dai rabin bayanin ta ji, sauran rabin ya tafi wajen kallon wushiryarsa.

Kafin sati uku, waya ta ɗauki zafi.

"Autar mata, yau na leƙa su Baba a faranti. Sun ƙoshi, suna gaishe ki."

"Ka ce ina amsawa. Mai renon fa, ya ci abinci?"

"Ina fa! Zuciyarsa na wajen wata mafaɗaciya."

Sai dai akwai Dakta, shugaban lab ɗin, mutum mai tumbi da turare, wanda ko gaisuwa sai ya saka sunan digirinsa a ciki. Shi ma ya ƙyalla ido ya ga Auta. Ta ba shi haƙuri cikin ladabi, ta ce an riga shi. Ya tambayi wa, ta faɗa. Murmushi kawai ya yi.

Aka shimfiɗa wa Baba sabuwar fata, ta kwanta luwai, har Inna ta yi kukan murna. Bayan wata guda ta fara zubewa, ciwo ya dawo ɗanye. Dakta ya rubuta cewa sakacin Dogo ne, aka dakatar da shi, aka sa ranar zaman kwamiti da za a kore shi.

Baba ya kira Auta, hannunsa naɗe da bandeji.

"Wanda ya ruɓar min da hannu ba zai auri 'yata ba. Kar in ƙara jin sunansa."

Ta shige ɗaki ta yi kuka, ta kashe wayarta kwana uku. Da ta kunna, saƙo ɗaya ta tarar.

"Zuciyata, ban yi sakaci ba. Na duba ragowar farantin, babu uwa ko ɗaya, duk sun zama fata lokaci guda. Haka ba ya faruwa sai an sauya musu ruwan da suke sha. Mu biyu ke da mukullin firjin, ni da Dakta."

Auta ta karanta sau uku. Ta tuna daren jiya da Baba ya ciji filo don kar su ji nishinsa. Ta tsani Dakta tsanar da ba ta taɓa yi wa ɗan Adam ba.

"Wallahi sai ya ɗanɗana," ta ce. "A gaban mutane ya zubar maka da mutunci, a gaban mutane zan tsiyaye nasa."

Washegari ta ci kwalliya ta nufi ofishinsa. Sati biyu tana masa dariyar da ba ta kai ciki ba, tana sauraron labarin tarukan da ya halarta. Dogo ya hango su a mota, ya turo mata: "Har ke?" Ta haɗiye kukanta, ta jefa wayar a jaka.

Ana gobe zaman kwamiti, ta ajiye wayarta kife a kan teburin Dakta, ta yi tagumi.

"Ranka ya daɗe, ni fa yaron nan ya ba ni tsoro. An ce da gangan ya yi, kuma wai ko manyan likitoci ba su san dabarar ba. Ashe duk lab ɗin nan babu mai kansa."

Dakta ya ajiye kofin shayi da ƙarfi.

"Wa? Wannan? Mai wankin kwalabe?"

"To, haka dai ake faɗa. Wai ko kai ba za ka iya ba."

"Ke, saurara! Sanin adadin sinadarin da za a ƙara, iyayen su juye gaba ɗaya, fatar ta yi kyau a ido ta wuce gwaji, wannan aikin shekara ashirin ne. Ni na haɗa ruwan da hannuna, na mayar cikin kwalbarsa!"

Kai, son yabo! Ko a kan mugunta bai yarda a ba wani lambar yabon ba.

A zauren kwamiti Auta ta nemi izini, ta ɗora wayar a tsakiyar tebur, ta kunna maganar Dakta da ta naɗa, ta ƙure murya. Ba ta kalli kowa ba sai shi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya fara in-ina.

"A sake kunnawa ne, ranka ya daɗe?" ta ce. "Na ga kamar na baya ba su ji digirin ba."

A ranar aka karɓe mukullinsa da katin aiki, 'yan sanda suka taka masa har mota. Ta tsaya a bakin ƙofa har suka ɓace, kuma ko ɗigon tausayi ba ta ji ba.

Dogo ya iso gefenta, ya kasa haɗa ido da ita.

"Na zarge ki, Autata."

"Za ka biya. Gyara min hannun ubana tukuna."

Aka sake yankar 'yar fata kamar farce. Wannan karon Dogo a wuya ya rataye mukullin firjin. Wata ɗaya, wata uku, wata shida, fata tana nan, tana kakkaɓe tsohuwa tana fito da sabuwa. Baba da kansa ya taka har lab ɗin.

"Ɗana, na yi maka mummunan zato. Ka yafe min, ka turo manyanka."

Ranar ɗaurin aure, Auta ta sa aka kai wa Dakta kati har inda yake tsare, don kar labari ya wuce shi. Da aka zo tafiya da amarya, Baba ya kama hannunta ya danƙa a na Dogo da hannun nan nasa na dama, ya riƙe su gam.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai, Ya tsare ku daga mai hassada."

Aka amsa da amin. Auta ta kifa fuskarta a kan sabuwar fatar, ta jiƙa ta da hawaye, Baba bai ce zafi ba.