Takalman Jummai

Tun kafin Sahabi ya ga fuskarta ya ji tafiyarta. Ƙii, ƙii, ƙii, tun daga layin masu gero har rumfarsa ta gyaran takalma a kasuwar Filinge, 'yan mata na bin ta da dariya. Tana isowa ta tuɓe takalman ta dire su gabansa, kamar ta nutse don kunya.

"Malam, don Allah ka kashe min wanga kuka. Kowa ya san na taho tun ban iso ba."

"Ni kau gode mishi zan yi," in ji Sahabi, "tunda shi ya kawo ki."

Sunanta Haske. Takalman na mahaifiyarta ne, Jummai, wadda ta rasu bara da damina, shi ya sa ta kasa rabuwa da su. Sahabi ya ɗaga shimfiɗar ciki ya barbaɗa hoda, ya shafe fatar da mai, ya sake ɗinke dunduniya. Ta taka, shiru. Ɗan aikin nan mutumin naku ya yi ta jan sa har la'asar, kuma bai bari ta tafi ba sai da ya karɓi lambarta.

Daga ranar salula ba ta huta ba.

"Haskena, na cuci kaina. Tunda na kashe kukan ban san sa'ad da kike wucewa ba."

"Kai dai Badukuna ka iya zance. Gobe in na zo wucewa zan yi maka tari."

Ana cikin haka, wata rana da rana tsaka saƙonta ya shigo, babu wasa a ciki.

"Yaya Sahabi, tsoro nike ji. Na tuɓe takalman ƙofar ɗaki, ina kallon su ba su motsa ba, amma kukan yana tafiya tsakar gida, daga ɗaki zuwa randa ya komo. Kada ka gaya ma kowa."

Wallahi bai gaya wa kowa ba. Balkisa maƙwabciyar su Haske ce ta ji kukan ta bayan danga ta baza labarin, ita da ta daɗe tana zagayen rumfar Sahabi da takalman da ba abin da ya same su. Kafin kwana biyu mata a bakin famfo sun gama yanke cewa Haske na da iska. Inna Halima, mahaifiyar Sahabi, ta ce goron auren ɗanta ba zai shiga gidan su Haske ba.

Haske ta turo masa: "Amana na ba ka. Na gode." Ta kashe salular.

Abin ya yi wa Sahabi ciwo ƙwarai. Ya je ya tsaya a ƙofar gidansu ya yi ta rantsuwa cewa ba shi ya faɗa ba har ta yarda, ta miƙo masa takalman tana hawaye. Ya farke su kaf, bai ga komai ba sai fata da zare. Ya ɗinke, ya kai gida ya ajiye su gaban tabarmar mahaifiyarsa.

"Inna, ki ji da kunnenki. In kin ce a'a bayan nan, na haƙura, ko da zai kashe ni."

Rana ta take tsaka. Kaji suka yi tsit, ko ganyen gawo ba ya motsi. Can daga ƙofar gida sai ƙii. Sai kuma ƙii. Takalman na nan gabansu ba su motsa ba, amma tafiyar na matsowa, taku ɗaya dogo, ɗaya gajere, har ta tsaya daidai bakin tabarma.

Inna Halima ta saki faifan da ke hannunta. Ta san tafiyar nan. Tare suka yi 'yan matanci da Jummai a Sanam, tana nan ranar da jaki ya kayar da ita, ta tashi tana jan ƙafar hagu har ƙarshen ranta. Ta san sarai 'yar wa ce Haske, tsoro ne ya rufe mata ido.

"Jummai?" ta ce. "Ba ki kwanta ba saboda yarinyar ga?"

Ƙii, sau ɗaya.

"Tai ki huta, ƙawata. Na amshe ta. Wallahi ba za ta yi kukan maraici ba ina raye."

Tafiyar ta juya a hankali, ta fice ta ƙofa, suna jin ta tana nisa har ta ɓace. Ba wanda ya sake jin ta.

Bayan an gama yankan gero aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Inna Halima ba ta bi kawaicin da aka san surukai da shi ba. Da kanta ta fito ta kama hannun Haske, ta zaunar da ita gefenta, ta rungume ta.

"Ɗiyata, uwa ta ba uwa ke. Allah ya zaunar da ku lahiya, ya ba ku zuri'a mai albarka, ya ji ƙan Jummai."

Mata suka amsa da amin, Haske ta kifa kanta a cinyar Inna ta yi ta kuka.