Ragon Kawu Tasi'u da Furar Kaka

A unguwar Sabon Gari ta Wudil akwai wata yarinya mai kwaikwayo. Ta iya tarin liman. Ta iya tafiyar agwagwa. Duk abin da ta gani sau ɗaya, ta ɗauka.

Kullum da azahar ita ce take kai wa kakarta fura. Kaka ta tsufa, ba ta da haƙora, fura kaɗai take iya sha da rana. Ɗakinta yana can ƙarshen gidan Kawu Tasi'u. A tsakar gidan kuwa akwai wani ƙaton rago a ɗaure. Kawu ya sayo shi a kasuwar Juma'a, ragon kuwa ba ya ƙaunar kowa.

Wata Asabar yarinyar ta leƙa wayar Kawu. Yana kallon damben Turawa. Ta ga ɗan dambe ya dunƙule hannu biyu, ya rufe kumatunsa. Ana ta kai masa naushi, ba ya shiga. Shi ke nan, ta ɗauka.

Washegari Umma ta dama fura, ta miƙa mata kwanon. Ta ja mata kunne ta bi ta jikin katanga, nesa da ragon.

"Umma, na iya kare kaina yanzu," in ji yarinyar.

Ta ɗora kwanon a ka. Ta dunƙule hannu biyu a kumatu. Ta shiga tsakiyar gidan tana 'yan tsalle-tsalle, har da hura hanci.

Ragon ya daina tuƙa. Ya ja da baya. Bai ko kalli fuskarta ba. Gwiwa ya nufa.

Yarinyar ta zauna daɓas. Kwanon ya kife. Kaji suka taru a kan furar Kaka.

Kawu Tasi'u ya fito ya ɗaga ta. Ya duba gwiwar, 'yar ƙujewa ce kawai. Da ya ji yadda aka yi, sai da ya juya baya ya gama dariyarsa.

"'Yata, kin san abin da ya sa mutumin nan yake rufe fuska?"

Ta girgiza kai.

Ya zaunar da ita ya buɗe wayar. Ya ce a damben Turawa doka ta hana duka ƙasa da ƙugu. Ba shuri, ba kayarwa. Shi ya sa suke kai hannu sama. Sai ya nuna mata wani wasan, inda ake haɗa dambe da kokawa da shuri. Waɗannan sun ɗan sauke hannu. Sun buɗe ƙafa. Sun kuma tsaya nesa da juna, don ƙafa ta fi hannu tsawo.

"Kowa yana tsare inda za a kawo masa hari," in ji Kawu. "To, ragona ya san dokar Turawa?"

"Bai sani ba, Kawu."

Ta koma gida tana ɗingishi, ta faɗi gaskiya. Umma ta duba ƙwaryar nono. Sannan ta ce nonon da ya rage na damu ɗaya ne. Idan wannan ya zube, Kaka za ta wuni da yunwa.

A karo na biyu yarinyar ta tsaya a bakin zaure. Ta riƙe kwanon da hannu biyu. Ta dubi ragon, ta dubi igiyarsa. Sai ta lura da wani zagaye a ƙasa, inda kofatonsa ya tattake. Nan ne iyakar igiyar.

Ta bi ta wajen zagayen a hankali. Ragon ya zaburo. Igiya ta riƙe shi. Ko ɗigo bai zuba ba.

Kaka ta karɓi kwanon tana murmushi.

"Ƙawata, an ce yau kin yi dambe. Wa ya ci?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ja da baya, ta kwaikwayi ragon har da harararsa. Kaka ta yi dariya har ta ajiye ludayi.

Daga ranar ba ta daina kwaikwayo ba. Amma ta koyi darasi: kafin ka kwaikwayi abin da wani yake yi, fara tambayar dalilin da ya sa yake yin sa.